Falon Mavis

Mavis matar ƙanena Wilf ce. Mutuniyar kirki, wannan ba zan hana mata ba. A masaƙa ta ƙare ƙuruciyarta, ƙurar auduga har cikin kunne, ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ciwonta ɗaya, idonta na kan tagar maƙwabta.

A nan Lancashire ta Ingila, wanda ke kashe kansa don kada na kusa ya fi shi, cewa muke yana tsere da gidan Jones. Babu wani Jones a layinmu. Jones ɗin Mavis ita ce Doreen ta tsallaken titi. Doreen ta goge dokin ƙofa da farin dutse, Mavis ta goge nata har bakin kwalta. Doreen ta rataya labulen leshi, Mavis ta rataya mai ninki biyu.

Falon gaba kuwa a kulle yake. Kujeru a lulluɓe, kofunan tangaran a kabad, ba mai shiga sai fasto ko gawa. Su suna cunkushe a kicin.

Da ƙirjin Wilf ya lalace, hawan bene ya gagare shi. Wata Lahadi na tarar da shi zaune a tsakiyar matakala, leɓe ya yi shuɗi.

Na ce, "Mavis, a sauko da gadonsa falo."

"Gado a falo? Doreen ta leƙo ta ga fo a ƙarƙashi?"

"Doreen kika aura ko shi?"

"Yaya Elsie, ke da tagarki tsirara, me kika sani game da mutunci?"

Wilf ya ce, "Ku bari, Yaya. Hutawa nake, nan ya fi iska."

Abin haushin, Mavis tana son sa. Kullum sai ta sa kafaɗa ta tura shi sama, tana nishi yana nishi. Ta gwammace bayanta ya karye da a ga gado a falo.

Na yi magana har bakina ya bushe. Ƙarshe na roƙi mai kawo mana gawayi ya ɗauko Wilf a amalankensa zuwa gidana, na yi masa shimfiɗa a ɗakina na ƙasa.

Mavis tana kawo masa romo kullum, ta lungun baya. Ta gaya wa mutanen layi wai ya tafi Blackpool shan iskar teku. Shi kuwa ga shi nan yana tari a gwangwani, yana tambayata yaushe zai koma gida. Sai in ce ya sha romonsa kafin ya huce.