Ba ƙwayar hawan jini ce ta kashe Dakta Lawan ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan labari ya iske ni ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta. Dakta Lawan ya rasu.

Malamina ne, shi ke duba bincikena na digiri na biyu.

Na so in yi kukana ni kaɗai, amma ba a bar ni ba. Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta aka fara yaɗa wata murya da aka naɗa a guruf-guruf na waya a Wudil, wai ƙwayar hawan jini ce ta fasa masa zuciya, wai kuma shi da bakinsa ya taɓa cewa maganin yana sa zuciya gudu.

Ƙarya ake yi masa. Ciwon hanta ne, ya daɗe yana fama da shi, iyalinsa sun sani.

Ga abin da ya faɗa, ina wurin. Sinadarin kalsiyam sai ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi yake shiga tsokar hanyoyin jini ya sa su matse. Irin ƙwayoyin da iyayenmu ke sha, su amlodipine, suna rufe waɗannan ƙofofin, hanyar jini ta saki, hawan jini ya sauka. Amma jijiyoyin da ke zaburar da zuciya suna da tasu ƙofar daban, wadda ta nan kalsiyam ke shiga su fitar da sinadarin noradrenaline. Ita wannan ƙwayar ba ta cika taɓa wannan ƙofar ba. Hawan jini na sauka sai jijiyoyin su zaburar da zuciya, shi ya sa wasu ke jin bugun zuciya da farko. Abin da yake bincike ke nan, yadda za a rage wannan bugun.

Bai taɓa cewa kowa ya daina sha ba. Shi kansa a gabanmu yake haɗiyar tasa, da ragowar shayin da ya huce.

Mutum ne mai tsokana. In na kawo sakamako mai kyau fiye da kima sai ya tura tabarau gaba ya ce, "Hajiya, ke kika yi wannan ko ɓerayen gwajin ne suka taya ki?"

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti a Kano, shi ya riƙa ciyar min da ɓerayen gwaji, babban malami guda, bai taɓa yi min gori ba.

Ranar Alhamis na gan shi na ƙarshe. An ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, na fara mita. Ya rame sosai, amma dariya ya yi. Ya ce, "Ki bar faɗa da masu wuta. Ki dai iya yi wa mutanen ƙauyenku bayanin aikin nan da Hausa, in ba haka ba wani zai yi musu nasa."

Ga shi kuwa an yi musu. Ɗazu kawuna ya kira ni daga ƙauyenmu Achika, mutumin da ya taɓa faɗuwa a gona saboda hawan jini.

"'Yar nan, na watsar da nawa maganin a masai. In ya kashe Dakta, ni wane ne?"

Na ce, "Kawu, wallahi ga ni nan tafe da wani, kuma a gabana za ka sha."

Ku da kuka naɗi muryar nan, ban san ku ba, amma ba zan bari ku kashe min kawu da sunan malamina ba. Duk guruf ɗin da na gan ta sai na amsa. Mai jin bugun zuciya ya koma wurin likitansa a duba shi, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Ya Allah Ka gafarta wa Dakta Lawan, Ka haskaka kabarinsa, Ka bai wa iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In kuma kana da tsoho a gida mai shan ƙwayar nan, ka shafa addu'ar ka tashi ka je ka duba ko ya sha ta yau.