Fararen Zabin Inna Zulai

A Wurogauri, in kana neman ƙwan zabi da damina, gidan Inna Zulai za a nuna maka. Da 'yan fararen zabi aka kawo ta aure daga Dodoru, kyautar mahaifiyarta. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, zabin dai suna nan suna yaɗuwa. Da yake zabuwa ba ta iya reno ba, kaza take kwantar wa ƙwan, ta zauna tana yi wa kazar faɗa sai ka ce 'yar aikinta. Zabinta ba su san akurki ba, kan tsamiyar bayan gida suke kwana. Shi ya sa duk shekarar da annobar kaji ta share gari, nata sukan tsallake.

Ana nan sai ga Kamal, ɗan ƙanwarta da ya karanta likitancin dabbobi, tare da wasu baƙi cikin farar mota. Ya ce an samo tallafin bincike kan cutar tsuntsaye, za a ɗebi jini, a yi rigakafi kyauta. Abin da ake so kawai a tara tsuntsayen unguwa wuri guda kafin Laraba.

"Inna, matan garinga maganakki suka ji, ba tawa ba," in ji shi.

Kanta ya fasu. Ta ɗauki mayafi ta bi gida-gida. Masu cewa ba su yarda da allurar banza ba, ta ce musu yaron nan a ɗakinta aka yaye shi, in ya cuce su ita ta cuce su. Sannan ta yaudari zabinta da gero har cikin tsohon ɗakin mijinta, ta rufe su tare da kajin maƙwabta.

Laraba ta zo ta wuce, ba mota ba dalilinta. A waya Kamal ya ce kuɗin ba su sauko ba tukuna, amma kada a saki ko ɗaya. Ta bi maganarsa, tunda shi ne mai karatu. Wata kaza ta fara gyangyaɗi, fiffike na jan ƙasa. Kafin a ankara ɗakin ya zama kushewa. Mata suka riƙa zuwa suna kwashe mushensu. Ba wadda ta zage ta, gaisuwa kawai ta gajarce, kuma wannan ya fi ci mata rai.

Ran da zabuwarta ta ƙarshe ta faɗi, ran nan farar motar ta iso. Inna Zulai ta fito da sauri, ko takalmi babu, wai ko an kawo maganin da zai ceci kajin mutane da suka rage. Kamal ya sauko da safar hannu da akwatin ƙanƙara. Ta leƙa akwatin, babu komai a ciki.

"Mushen munka zo ɗauka, Inna," ya ce, idonsa a ƙasa. "Masu ba da tallahin sun ce sai sun ga shedar cutar kahin su saki kuɗi. Yanzu kam dole su saurare mu."

Ta shiga ta ɗauko zabuwar, da sauran ɗuminta, ta sa masa a akwatin da hannunta.

"Kai, mi za ni ce ma matanga?" ta ce. "Na rantse musu da kai."