Ajami a Kan Kwalin Kunu

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar koyon zane a Zariya, malaminmu ya ce kowa ya tsara kwalin abincin karin kumallo na yara. Wanda ya fi kyau shi za a kafa a baje kolin ƙarshen shekara, inda masu kamfanoni ke zuwa duba hannun ɗalibai. Tun da na ji haka zama ya gagare ni. Ina son wurin nan kamar me.

'Yan ajinmu duk suka rufta kan zaki mai murmushi da zomo riƙe da cokali. Ni na ce garin kunu zan yi wa kwali, irin wanda matan Hunkuyi ke haɗawa da gero da gyaɗa da waken suya. Sunansa da yadda ake damawa kuma da ajami zan rubuta, don iyayen garinmu da yawa shi suka fi karantawa. Malaminmu ya daɗe yana duba zanen gwajin da na yi, ya ce, "Wannan ne bai yi kama da na kowa ba. Ki riƙe shi."

Na zo gida hutu da kwamfutar aro, na hana kowa sakat. In rubuta da alƙalamin kara, in ɗauki hotonsa a waya, in ruga shagon buga takardu, launin ya fito kamar kunun da ya kwana, in cukuikuye in yar. Inna ta ce ko kazar da za ta yi ƙwai ta fi ni natsuwa.

Babanmu malami ne, a zaure yake karantarwa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Bai taɓa tambayata abin da nake koya ba. In baƙi suka tambaya sai ya ce, "Zane-zane take yi," ya sauya magana, abin yana ci mini rai.

Wata safiya na tarar da shi tsugune gaban kwandon shara, da ciwon gwiwarsa da komai, yana tsince takarduna ɗaya bayan ɗaya yana kaɗe musu ƙasa.

Na ce, "Baba, ai babu aya a ciki. Gero ne da gyaɗa."

Ya ce, "Haruffan fa, na wane ne? Uwata, in yaro ya shanye kunun, ina kwalin zai je?"

Na san amsar. Juji zai je, ko kwata, akuya ta tauna, mai wucewa ya taka. A gidanmu kuwa ko guntuwar takarda mai baƙin Larabci aka gani a ƙasa, ɗagawa ake yi a soka a jikin bango. Amma da taurin kaina na ce, "To ai kuɗi ma an sha sa musu ajami."

"Kin taɓa ganin an zubar da su a juji?"

Bai ce in cire ba. Da ya ce, da na samu abin yin faɗa da shi. Ya dai tafi da takardun, ya bar ni ina kai-kawo tsakanin ɗaki da tsakar gida. Na ce wa kaina ai kwali ɗaya ne, na makaranta, ba mai sayar da shi. To amma ba don kamfani ya gani ya buga da yawa nake wannan rawar ƙafa ba? Sai in hango kwalayen warwatse daga nan har Makarfi, da tsoho tsugune yana tsincewa. Na cire ajamin, na mayar, na sake cirewa. Ranar komawa na bar shi a cire, na sa boko da zangarniyar gero.

Malaminmu ya juya kwalin ya ce, "Ina abin nan naki?" Na ce na fasa. Zomo aka kafa a baje kolin. Na yi kuka a mota har Hunkuyi, kuma na shiga gida da fushi na sosai.

Kwana biyu ina gaishe da Baba a taƙaice. Rannan ya aike ni zaure in ɗauko masa tabarau a alkuki, inda yake ajiye tsofaffin warƙoƙin malamansa. Can tsakiyarsu na ga takarduna, an miƙe su sumul, an jera. Na fito da ɗaya a hannu.

"Baba, yadda ake dama kunu ne fa ka haɗa da waɗannan."

Ya karɓi tabarau ya sa, ya ƙura wa takardar ido.

"Na karanta," ya ce. "Ni na kama hannun nan na koya masa, ga shi ya wuce nawa. Mayar da ita inda kika ɗauko."