Wandon Yakuba a Kan Gawo

Kai jama'a! Wanda bai ga maƙwabcina Yakuba rataye a kan gawo ba, bai ga abin kallo a Dakusa ba. Ya hau sassabe reshe, ƙaya ta kama masa wando ta baya, ga mata suna wucewa kasuwa. Har matarsa Zuliha sai da ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na tsaya a ƙasa ina ce masa, "Maƙwabci, in ɗauko tsani ne ko in ɗauko allura?"

Yakuba ke nan. Tun da ya gaji gonar tsohonsa yake renon gawo kamar 'ya'yan cikinsa. Mu muna share gona ƙal, shi in ya ga toho sai ya rage masa rassa, ya ɗaura masa tsumma don kada a sare. Yana cewa zafin yanzu ba irin na da ba ne, ƙasa ma tana son hula. Da rani dabbobi su taru a inuwar su zuba taki, da damina gawon ya kaɗe ganye ya bar wa hatsi haske. Muka sa wa Yakuba suna Sarkin Ƙaya.

To, bana ruwa ya ɗauke, hatsi yana tsaka da girma. Yakuba ba shi da ɗa a Libiya, ba shi da shago a Zinder. In gonar nan ta ƙone, gidansa babu tuwo. Rana ta buɗe wuta, nawa hatsin ya nannaɗe ganye, yashi yana ƙona ƙafa. Na leƙa gonarsa don in taya shi kuka, sai na ga ƙarƙashin kowane gawo kore shar! Na tura hannu cikin ƙasa: sanyi, har da danshi! Haka hatsinsa ya jure har ruwa ya dawo, nawa kuwa ya riga ya ƙone.

Ranar da yake jera damma a rumbu, na jingina da danga na ce, "Sarkin Ƙaya, barka! Amma dai har yanzu mata ba su manta da kallon ran nan ba."

Ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Wandona Zuliha ta ɗinke shi tun ran nan. Kai kuma wa zai ɗinke maka rumbu?"