Rigimar Kawu Ilu da Ruwan Dubai

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakinmu na unguwar Deira a Dubai ya san yadda Kawu Ilu ke fara ranarsa. Da an dawo daga sallar asuba, kafin shayi, kafin gaisuwa ma, sai ya buɗe taga ya zura hannu waje, ya juya tafinsa sama, ya jira. In ya dawo da shi a bushe, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana. "Kun gani? Wannan ita ce ƙasa!"

Ku da kuka san shi a nan kawai, ba lallai ku san dalili ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sani. Kawu ya yi ƙuruciyarsa a Fatakwal yana sayar da albasa, ruwan can ya dake shi har ya shige masa gwiwoyi. Ranar da wani ya ce masa akwai garin da ake shekara ba a ga ɗigo ba, bai tambayi kasuwa ba, bai tambayi abinci ba, biza kawai ya nema. Ya zo ya kafa harkar kago, yana sayo wa mutanen Kano kaya yana tura musu. Zafin da ke sa mu kuka, shi magani ne a wurinsa. Ɗan yayyafin da akan yi jefi-jefi kuwa, cewa yake gajimare ne ya yi atishawa, ba ya cikin lissafi.

To, sai ga hunturun nan da kuka sani. Wai! Yau ruwa, gobe iska, jibi su haɗa kai su zo tare. Tituna suka koma kududdufi, masu kawo abinci a babur suka ɓace, tawul ya ƙi bushewa, takalmanmu suka yi fumfuna a bakin ƙofa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutum ya baro damina a gida, ya hau jirgi, ta biyo shi!

Safiyar farko da Kawu ya dawo da hannunsa a jiƙe, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya leƙa kai waje ya daka tsawa: "Ba haka muka yi da ku ba!"

Na ce, "Kawu, da wa? Ruwa fa rahama ne."

"Astagfirullah, ni ban ja da Mai sama ba. Da waɗanda suka ce min ba a yi nake!"

Da ya ji raɗe-raɗin wai jirage ne ke hawa su barbaɗa wa gajimare gishiri don ya zubar, shi ke nan, ya sami abokan faɗa. "Gishiri? A sama? Miya suke kaɗawa?" Tun daga ranar duk jirgin da ya gifta sai ya sha harara.

Laima kuwa ya rantse ba zai saya ba, ni ma ya hana ni. Wai sayen laima sa hannu ne, ka yarda ke nan ruwan yana da izinin zama. Wata Juma'a ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya, ya ce, "Nasiru, ɗauko ledar naɗe kaya."

"Wane kaya za mu naɗe, Kawu?"

"Ni."

Wallahi haka na yi ta zagaya shi da leda daga kafaɗa har gwiwa, na bi da salatef. Muka biya ta wurin kago, ya zauna a kan sikeli yana hutawa. Wani ɗan Pakistan mai lodi da ya tsinci Hausa a bakinmu ya matso da alƙalamin rubuta kwali a hannu, ya ce, "Baba, Kano ko Abuja?" Kawu bai kula shi ba. A masallaci salatef ɗin ya ƙi ɓantaruwa, ga shi an tada iƙama. Ruku'u, ƙwaras. Sujada, ƙwaras-ƙwaras. Sahunmu gaba ɗaya kafaɗu na rawa, kowa na roƙon Allah ya riƙe masa dariya. Ana sallama ya waiwaya dama da hagu ya ce, "Mene ne? Ba ku taɓa ganin Musulmi a bushe ba?" Ni kuwa ina gefensa sharkaf, haƙorana na haɗuwa.

Sai maganar hula. Muna tsallaka ruwa a abra, kwale-kwalen nan namu na kullum, iska ta zo ta fizge hular da yake ji da ita, ta yar a ruwa. Kawu ya miƙe tsaye, jirgi ya karkata, mata suka ɗau salati.

"Direba, juya! Yalla, juya!"

Mai jirgin ya ɗaga hannu, wai ta tafi ke nan. "Halas, Baba, halas."

"Halas ɗin me? Hular nan ta girme ka!"

Da ƙyar na zaunar da shi. Ya bi ta da ido tana lilo ta nufi bakin teku, ya ce, "Ka gani ko? Ta tafi Iran, ko fasfo ba wanda ya tambaye ta." Washegari ya ɗaure sabuwar hularsa da igiya a ƙarƙashin haɓa kamar jariri. Duk wanda ya yi murmushi sai ya ce masa, "Taka ma tana kan hanya."

Amma abin da har gobe ban huce ba shi ne na shanya. Rufin gini ya gagara, don abin da ka shanya a can sai dai ka ji iska ta kai shi garin Sharja. Muka ja igiyoyi a cikin ɗaki, ko'ina riguna na ɗiga, warin danshi ya hana turare tasiri. Wata hantsi Kawu ya wanke babbar rigarsa, ya rasa wurin ratayewa, sai idonsa ya faɗa kan ɗan ƙarfen nan da ke leƙowa daga silin.

Na ce, "Kawu, na kashe gobara ne, kar ka taɓa."

"Ƙugiya ce. Tun kana tsumma nake zaune a gidajen garin nan."

Ya hau kujera, ya saƙala jiƙaƙƙiyar riga mai nauyin ɗan rago. Tas! Wani baƙin ruwa mai wari ya ɓarke a kanmu, ƙararrawa ta ɗauka, mutanen gini kaf suka ruga waje cikin ruwan sama, wani da tawul, wani da tukunya a hannu. Kawu yana tsaye kan kujera, ruwa na bin gemunsa, ya ɗaga kai ya ce, "Har ɗaki? Ba haka muka yi da ku ba!" Mai gadin gini ya shigo a guje zai yi faɗa, Kawu ya riga shi: "Kai, wa ya ajiye gajimare a silin bai gaya wa masu haya ba?" Mutumin ya juya ya tafi ya kashe famfo. Katifata ta jiƙe, wayata ta mutu, na koma kwana kan kwali. Kun san me Kawu ya ce min? Wai da na riƙe masa kujera da kyau da hannunsa bai karkace ba.

Sannan ranar Al Ras, unguwar da sitonmu yake. Wasunku suna wurin. Siton da muke ajiye kaya a ƙasan titi yake, sai ka sauka matakala. Wakilin mai gida ya sha rantse mana ruwa bai taɓa shiga ba. A ciki akwai kayan Hajiya Rabi, matar wani aminin Kawu da ya rasu: labulaye, zannuwan gado, leshi, duk na auren 'yarta, abin da ta daɗe tana tattalawa. Da azahar aka yi ruwan da ya fi kowanne, muka iske ruwa yana gangarawa ciki kamar an gayyace shi. Kawu ya buga wa wakilin waya, wakilin ya ce masa, "Shwayya-shwayya, habibi. Bukra, inshallah." Wato mu yi a hankali, sai gobe.

"Bukra? Ruwan bai san bukra ba!"

Masu turin kura duk sun fake. Kawu ya naɗe wando ya shiga, ruwa har gwiwa, sanyi kamar ƙanƙara.

Na ce, "Kawu, gwiwoyinka!"

"Gwiwoyina nawa ne, in sun lalace ni na sani. Kayan nan na marainiya ne. Ɗora min."

Na ɗora masa dila a ka. Dattijon da ba ya iya zaman tahiya sai da kujera, shi ne ya riƙa hawa benen masaukin da ke sama da kaya a ka, yana nishi yana masifa. Jama'a sun taru a ƙarƙashin rumfa suna ɗaukar mu a waya. Ya tsaya ya juyo: "Ku ba ku da iyaye mata ne? Ku ajiye wayoyin nan ku ɗauki dila!" Kunya ta kama su, suka shigo, Bahaushe da Ba'indiye da Basudane. Kayan Hajiya suka hau sama ko lema babu. Namu kwalayen takalma kuwa, da ya ce a bar su ƙarshe, suka sha ruwa suka narke. Na yi ta ƙorafi, ya ce in ban rufe baki ba zai naɗe ni a leda.

Washegari wakilin ya iso fes da shi, farar jallabiya, takalmi na sheƙi, yana cewa alhamdulillah abin ya zo da sauƙi. Kawu ya yi masa fara'a, ya kama hannunsa kamar zai nuna masa wani abu, ya sauko da shi matakala a hankali har ruwa ya cika masa takalmi. Ya ce, "Taka ka ji. Wannan shi ne bukra."

Da yamma Hajiya ta kira daga Kano, hankali a tashe, ta ji a rediyo wai ruwa ya ci Dubai. Kawu yana ƙudundune cikin bargo, ya danne tari ya ce, "Ruwa? Haba Hajiya, kin taɓa jin an yi ruwa a sahara? 'Yan rediyo ne ba su da aikin yi. Ki ci gaba da shirin bikinki."

Tarin nan bai sake shi ba. Da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka lallaɓa shi ya koma gida, yana faɗa har ƙofar jirgi. Bai sake dawowa ba, ya daɗe yana jinya a can har Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makokinsa a Kano Hajiya Rabi ta zo, 'yarta na biye da ita da goyo a baya. Ta ce min, "Kawunku mutum ne mai sa'a, ka ga duk ruwan nan bai taɓa kayana ba." Sai na gaya mata yadda aka yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu. Ya yafe masa kurakuransa, ya sauke masa nauyi kamar yadda ya ɗauke wa marainiya nata, ya sa ya huta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.