Man Birki a Jirgin Abu Rayyan

Jibirilla mutumin Yauri ne, direba a gidan wani Balarabe, Abu Rayyan, can gefen Dir'iyya, kusa da Riyad. Kafin ya zo Riyad, gyaran birki yake yi a Kontagora. Ruwa kuwa tun yana yaro tsoronsa yake. In za a haye kogi, tsakiyar kwalekwale yake zama ya runtse ido. To amma a garin da ba kogi ba teku, wa zai sani? Duk Juma'ar da Hausawa suka haɗu a unguwar Batha, shi ne mai labarin ruwa, har ya kai kunnen maigida.

Maigidan yana da ƙaramin jirgin ruwa da ke kan tirela a bayan gida, sai lokacin hutu a ja shi zuwa Jubail, bakin teku. Ya sa aka ɗaura masa na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Da aka dawo da shi daga warsha, wato garejin gyara, a unguwar Gubaira, sitiyarin ya yi laushi, sai ka yi ta juyi kafin injin baya ya motsa. Iska ce ta shiga tiyon mai. Masu warsha suka ce a mayar musu.

"Ya Jibril, kai ba ɗan kogi ba ne?" in ji Abu Rayyan.

"Ma fi mushkila," Jibirilla ya amsa da Larabci, wai ba matsala, tun bai yi tunani ba.

Ya kira Ghali, dattijon Bahaushe da ke kula da lambun gidan, wanda shi ya samo wa Jibirilla aikin. Ghali ya hau ya riƙe sitiyari, Jibirilla yana baya da sifana, ya sassauta noti ya ɗaure.

"Kawu, juya dama! A hankali mana, ba tuwo kake tuƙawa ba."

"Ungo naka, Jibo. Anya ka san abin nan kuwa?"

"Birki ne ya girma, Kawu."

Kumfa ta yi ta fita har ta ƙare. Ya kunna na'urar ma, famfonta ya tura hagu da dama ya fitar da tasa iskar. Da mai ya yi ƙasa, sai ya ɗauko man birki a but ɗin mota ya cika. Sitiyari ya yi tauri yadda ake so. Ghali har ya sa masa albarka.

Ran tafiya da safe ya je haɗa tirela, sai ya ga mai ya ɗiga a ƙarƙashin injin. Ya taɓa robobin da ke tare man: sun kumbura, sun yi taushi kamar danƙo. Man birkin ne ya ɓata su. Kowace roba da irin man da take ɗauka, shi kansa ya sha faɗa wa masu mota haka. Bai dai tambaya ba, don kada a ce ɗan kogi bai sani ba.

Zai iya ƙara mai ya yi shiru. In ya lalace a Jubail, a ce masu warsha ne. Sai ga Amal, autar gidan, ta fito da gudu sanye da rigar ruwa tun daga Riyad. Ya tuna sitiyari a tsakiyar teku zai saki.

Ya sami maigida a bakin mota ya faɗa masa, kansa a ƙasa. Abu Rayyan ya dangwali man ya sansana.

"Ka taɓa gyaran jirgi?"

"A'a."

"Tuƙawa fa?"

"Ko iyo ban iya ba, ya ammi," ya ce, yadda ake kiran babba da Larabci.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya ce yara su shiga gida, an fasa tafiya. Amal ta fashe da kuka. Ghali ya juya ya ci gaba da ban ruwa, bai ko dubi Jibirilla ba.

Jibirilla aka sa ya ja jirgin zuwa Gubaira. Bakaniken ya kwance tiyo ya sansana, ya kira abokan aikinsa su ma su sansana, har da wani Bahaushe da suke haɗuwa da Jibirilla a Batha. Suka yi ta dariya.

"Wane gwani ne ya yi wannan?"

Jibirilla ya dubi Bahaushen.

"Ni ne," ya ce.