Shi da Feda, Ni da Kan Keke

Ranar Alhamis ce, saura kwana biyu Babbar Sallah, a daminar da ta rage shekara biyu Faransa ta naɗe tabarmarta daga ƙasar nan. Da hantsi muka tsaya a Kilomita Goma Sha Biyu, inda ake tara shanu kafin a shiga Bangi, ni da mahaifina Tanko da kekenmu. An yi ruwa da asuba. Jar laka ta rufe ni tun daga ƙafa har gira, ta bushe tana tsattsagewa. Shekarata goma. Baba ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya ɗaga hanci sama, ya ce yana jin iskar kogi. Ni ban ji komai ba sai kashin shanu. Ya kwance jakar fata daga kariya, ya ciro farar rigarsa wadda bai taɓa sawa ba tun da muka bar Ngaundare, ya sa, ya ɗora hula, ya tambaye ni ko ta zauna daidai. Dole ya tambaya. Baba ba ya gani.

Ɗan koli ne. Ya yi shekaru yana yawo ƙauye-ƙauye a kan keken nan da allura da zare da madubi da turare, yana kwana a bakin rafuka inda ƙananan baƙaƙen ƙudaje ke cizo. Ciwon ya fara da ƙaiƙayi, sai hazo, sai duhu. Shekarar da idon ya ƙarasa, uwata ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Muka rage mu biyu a ɗaki ɗaya a Ngaundare. Yana da wa a Bangi, Baffa Garba, mai rumfar goro a unguwar Kilomita Biyar. A gidansa Baba ya zauna kafin ya fita fatauci. Maƙwabta suka ce a ɗora mu a babbar mota a kai mu wurinsa, Baba da ni da keken. Baba ya ƙi. "Wanda aka sauke daga mota kaya ne," in ji shi. "A kan keke na bar gidan yayana, a kansa zan koma." Aka ce ya zautu. Bai yi musu da kowa ba.

Ga yadda muka yi. Ya naɗe tsumma a ƙarfen tsakiya, na hau na zauna kamar namiji, zanena a ɗaure ta tsakanin ƙafafu. Hannuna riƙe da kan keken ta ciki, nasa ta waje kusa da birki. Shi ne feda, ni ce ido. In na ga rami in ce rami, in karkata kan. In gangara ce in faɗa tun da wuri ya dafe birki. In mota ta taho ya riga ni ji, ni kuma in nuna mana gefe. Kwana uku na farko mun faɗi ba adadi. Bayan haka jikinmu ya saba, har ya zama ba sai na yi magana ba, da na matsa kafaɗa ya gane. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. "Uwata, kada ki kalli rami, ki kalli inda za mu bi." Wannan ne duk karatun da na yi a duniya.

Mun yi wata guda da 'yan kwanaki a hanya. Muka wuce Maiganga, muka ƙetare iyaka a Garwa-Bulai, muka hau tuddan Buwar muna tura keken, ni a gaba shi a baya yana dafe da sirdi. Inda muka tarar da Hausawa mu kwana a zaure. Inda babu, mu kwana a rugar Fulani ko a rumfar mutanen ƙauye, su ba mu gozo, tuwon rogo mai yauƙi wanda na ƙi ci a ranar farko, na cinye har da suɗe kwano a rana ta uku. Aikina da safe in ɗebo ruwa, in wanke sarƙa da tsinke, in ɗiga mata man gyaɗa, in danna famfo har hannuna ya mutu. In taya ta yi faci, shi yake gyarawa. Yakan hura roba ya bi ta da leɓensa a hankali har ya ji inda iska ke fita. Ni mai ido ban taɓa riga shi ganowa ba. Cinyoyina suka yi kanta, tafin hannuna ya fashe ya warke. Wasa kuwa, sai in mun sauka in tsinci duwatsu in yi carafke ni kaɗai.

A Bosambele wani direba da ya san Baba da Baffa Garba ya gane Baba. Ya gaishe shi, ya yi masa jaje, sannan ya ba shi albishir. Labari ya riga mu isa Bangi. Baffa Garba ya gyara masa ɗaki, ya sa an sassaƙa sanda, ya yi wa sarkin makafi magana, an ware masa wurin zama a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Haka ake yi a lokacin. Namiji in ya makance a ba shi sanda da ɗan jagora, ya zauna yana miƙa hannu har mutuwa. Ba wanda ya ɗauke shi mugunta, hanyar da aka sani ke nan. Baba ya yi godiya. Ranar ya taka feda kamar ana korar mu har muka sauka. A nan na gane dalilin wahalar nan duka. So yake unguwar ta gan shi ya shigo a kan sirdi, da ƙafarsa, ta yadda ba mai bakin da zai miƙa masa sanda.

To, da farar rigar nan muka tashi daga Kilomita Goma Sha Biyu. Hanya ta cika da raguna da masu su. Na ce masa mu sauka mu tura, mutane sun yi yawa. Ya ce ba a nan za mu sauka ba. Da muka shiga titin da yanzu ake kira Koudoukou, shi ya riƙa faɗa mini hanya da ka. In mun wuce mahauta mu yi dama, in mun ji maƙera mu bi lungu na biyu, gidan da ke kallon rijiya. Yara suka biyo mu da gudu suna ihu da Sango, harshen da ban sani ba a lokacin. Matan kasuwa suka miƙe tsaye suna nuna mu. Baba yana kaɗa ƙararrawa, kansa a sama, kamar mai gani har Kwango.

A cikin lungun ne na yi kuskure. A wata ƙofa na ga 'yan mata sa'o'ina a jere, an yi musu kitson Sallah, ƙafafunsu a ɗaure da lalle. Suka dube ni, suka dubi zanena da ke tsakanin ƙafafu da kaina da ya cuɗe da laka, suka kwashe da dariya. Wata guda ban ɗauke ido daga hanya ba. A nan na ɗauke. Wani rago da aka ɗaure a turke ya tsallaka lungun, igiyarsa ta miƙe, tayar gaba ta shige ta. Muka kife a kwata, ni a ƙasa, keke a kaina, Baba a gefe. Farar rigar ta gama yawo. Saura taku talatin mu kai ƙofar.

Mutane suka taru. Wani dattijo mai kama da Baba, sai dai ya fi shi jiki, ya ratso yana salati, hawaye na zuba, da sabuwar sanda a hannunsa. Baffa Garba ne. Ya kama kafaɗar Baba ya tashe shi. "Tanko, sannu da zuwa. Ya isa haka. Allah ya riga ya yi, riƙe wannan mu shiga gida."

Baba ya janye hannunsa ya mayar baya. "Yaya, ajiye sannunka. Ban iso ba tukuna."

Ya lalubi keken ya ɗaga. Kan ya karkace. Ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa har ya miƙe, ya mayar da sarƙa, ya juya feda yana saurare. Ni ina zaune a laka, gwiwata na jini. Na ce, "Baba, laifina ne. Ban ga igiyar ba."

"Ni ma ban gan ta ba," in ji shi. "Tashi ki mayar da mu bakin lungu."

Wasu suka yi dariya, ba irin ta ɗazu ba. Na ja keken, shi yana dafe da sirdi, muka koma har inda lungun ya fara. Na hau. Na dubi 'yan matan nan sau ɗaya, da gangan, har suka sunkuyar da kai. Sannan na dubi inda za mu bi. Mutane suka riƙa janye ragunansu suna manne su da bango. Wata mai sayar da ganyen rogo tana ta cewa yeke yeke, wato a hankali. Baba bai yi a hankali ba. Muka wuce kwatar, muka wuce rijiya, na ce birki, tayar gaba ta taɓa dokin ƙofar zauren. Ya sauke ƙafa, ya yi sallama da ƙarfi. "To, Yaya, yanzu yi mini sannu da zuwa." Baffa ya yi. Ya jingine sandar a bango, bai ƙara maganarta ba. Daga baya matarsa ta riƙa kaɗo mangwaro da ita.

Ranar Juma'a Baba ya je masallaci ya shiga sahu kamar kowa. Bayan Sallah ya shimfiɗa buhu a gindin bangon Baffa ya fara gyaran keke. Masu kai goro, masu ɗinki, har masinjojin Turawa daga cikin gari, duk wurinsa suke zuwa. Shekara goma sha huɗu yana nan, bai miƙa wa kowa hannu ba sai don gaisuwa. Ni kuma na shiga aikin gida, jiƙa rogo, daka, ɗibar ruwa a rijiya. Yaran lungu suka sa mini Direba. 'Yan matan da suka yi mini dariya da su na yi gaɗa, ɗaya daga cikinsu ni na yi mata wankan gawa.

Yanzu babura sun cika Kilomita Biyar, ƙararsu ba ta barin mutum ya ji maƙera, in ma akwai su. Bangon Baffa ya zama kanti. Unguwar nan ta ga wuta, ta ga ranakun da ba shiga ba fita, mutane da yawa suka tafi, ni ban je ko'ina ba. Jikokina Sango suke yi mini, in amsa da Hausa. Sun ce hanya ta fi ƙarfina, in zan je kasuwa sai su riƙe mini hannu, ni kuma in fizge. Ba na kewar lakar, ba na kewar yunwar. Abin da nake nema ban samu ba shi ne numfashin Baba a ƙeyata idan muna hawan tudu, babban mutum yana taka feda iya ƙarfinsa zuwa inda 'yar shekara goma ta nuna. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara yarda da ni haka.